Mujallu da shafukan kallon taurari ga mazaunin Damagaram

Malam, ka tambayi mujallu da shafukan intanet da za su amfani mai sha'awar kallon taurari a nan Damagaram. Tun da karatunmu na boko da Faransanci ne, ka fara da Ciel & Espace da ake bugawa a Faransa, domin an rubuta ta don masu sha'awa, alhali L'Astronomie, wadda masanin taurari Bafaranshe Camille Flammarion ya kafa a 1882, ta fi zurfi. Idan kana jin Ingilishi, akwai Sky & Telescope ta Amurka, wadda take fitowa tun 1941.

Sai dai taswirar sama da ke cikin waɗannan mujallu an zana ta ne don mazauna Turai da Amurka, mu kuwa garinmu yana kusa da digiri 14 arewa da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka muna ganin taurarin kudu waɗanda ba sa fito musu sam. Wannan ya sa na fi ba ka shawarar manhajar Stellarium, domin kyauta ce a kwamfuta, kuma da zarar ka sauke ta ka zaɓi Zinder, wato Damagaram, za ta nuna maka inda Zara da Kaza da 'Ya'yanta suke ko babu intanet. Shafin Heavens-Above kuma yana ba da lokacin da tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, wadda ke kewaya duniya, za ta gifta ta kanmu.

Ka fi mai da hankali ga dararen Oktoba, bayan ɗaukewar damina kafin hazo ya sauka, kuma ka fita bayan gari lokacin duhun wata.