Tambaya Da Amsa: Gatarin Da Bakinsa Wuta Ne

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Baba Malam. Ni ɗaliba ce a Samaru, ina rubuta ƙagaggen labarin kimiyya da nake sakawa kashi-kashi a WhatsApp. Labarin a Zazzau yake faruwa, shekara 300 nan gaba. Jarumar labarin mai tsaron Ƙofar Doka ce, kuma ina so in ba ta gatari wanda ruwansa ba ƙarfe ba ne, zallar haske ne mai ƙuna, ta danna maɓalli ya fito. Yayana mai karatun injiniya ya yi ta yi mini dariya, wai haske ba ya tsayawa wuri ɗaya. Yaya zan tsara wannan makami yadda mai karatu zai yarda da shi? Kuma wane suna zan sa masa?

AMSA: Wa'alaikumus salam, 'yata. Ki gaishe da yayan naki, ki ce masa ya faɗi gaskiya amma bai kai ƙarshenta ba. Haske dai ba ya tsayawa. Haska tocila sama da daddare, ki ga ko zai tsaya a kamu biyu ya jira ki. Ita ma leza, wato siririn haske mai ƙarfi da ke tafiya a layi guda, tun da aka fara kunna ta a Amurka a 1960, halinta ke nan, tafiya take yi har sai ta ci karo da wani abu. To amma ba wannan ne ya sa na ajiye kofin shayina na sake karanta wasiƙarki ba. Kalmar "gatari" ce ta tsayar da ni.

Kin taɓa faskare? Ba gatse nake miki ba. Ni a cikin birni na tashi, gidanmu bango ɗaya da maƙera, kuma na iya jan zuga-zugi tun kafin in haddace izu biyu. Abin da na koya a wurin shi ne, gatari ba da kaifi kaɗai yake ci ba. Takobi yanka yake yi, nauyinsa yana kusa da hannu. Gatari kuwa sara yake yi, an tattara nauyinsa duka can a kan ƙota. Dubi na masu faskare da kyau: ƙota ce mai ƙullutu a kai, a gasa ƙarfe ya yi jawur a huda ƙullutun, sannan a cusa wutsiyar ruwan a ciki. Ƙullutun nan ba ado ba ne, shi ma nauyi ne. Mai faskare ɗagawa kawai yake yi da ƙarfinsa, saukowar kuwa nauyi ne ke yin ta. To idan kika cire ƙarfen kika sa haske, me ya rage a hannun jarumarki? Sanda mai fitila a kai. Ba abin da zai ja hannunta ƙasa, ba abin da zai tsaga, kuma in ta haɗu da mai irin makaminta, bakunan biyu za su ratsa juna kamar hayaƙi, ba ƙara ba tartsatsi.

Don haka kada ki cire ƙarfen. Ki bar kan gatari da nauyinsa, baki kawai za ki ba wuta.

Ga yadda ni zan ƙera shi in da ni ne. Ruwan ya zama kamar jinjirin wata, ƙahoni biyu suna kallon gaba, kaifin ƙarfe yana lanƙwashe a tsakaninsu. Idan ta danna maɓalli, zaren wuta ya tashi daga wannan ƙaho zuwa wancan, a miƙe kamar tsirkiyar baka. Ga wurin da wutar ta fara, ga wurin da ta ƙare, ƙorafin yayanki ya mutu ke nan. Wurin sara, zaren ne zai fara taɓa abu ya narkar, ƙarfen da ke bayansa ya biyo da nauyi ya buɗa.

Shi zaren ba haske ba ne, kuma ba sai kin je wata duniya za ki gan shi ba. Bi ta wurin masu walda a Sabon Gari ko Tudun Wada. Wannan farin abu mai shuɗi-shuɗi da ke tsalle tsakanin sandar walda da ƙarfe, iska ce da ta yi zafi har lantarki ya samu hanyar bi ta cikinta. Masana suna kiranta filazma. Walƙiya ma ita ce, zafinta yakan kai wajen digiri 30,000 a ma'aunin Salshiyos, alhali fuskar rana ba ta wuce kamar 5,500 ba. Ƙarfe kuwa a 1,538 yake narkewa. Akwai ma injin yankan ƙarfe da ke aiki da filazma tun tuni, ba ƙage ba ne. Tsinin ƙahonin ki yi su da tungistin, ƙarfen da ake yin zaren tsohon ƙwan lantarki da shi, wanda sai zafi ya kai 3,422 yake narkewa. Shi ma yana cinyewa a hankali, saboda haka jarumarki za ta riƙa canja su kamar yadda ɗan acaɓa ke canja fulogi. Filazma ba ta son zama a miƙe, lanƙwasa take yi tana rawa, sai maganaɗisu ya tanƙwara ta. Haka ake ƙoƙarin yi a tashar gwajin makamashin nukiliya mai suna ITER da ake ginawa a kudancin Faransa, sai dai injin can ya fi ƙarfin a rataya a kafaɗa, gini ne guda.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Kafin a narkar da ƙarfe kilo 1 daga sanyi, ana bukatar makamashin da ya kai abin da batirin waya kusan 20 ke ɗauke da shi a cike, ko da ba a yi asarar komai ba. In kuma a cikin daƙiƙa 1 kike so a yi, wato sara guda, to ƙarfin ya haura megawat 1. Ki kwatanta ƙananan janareta irin na masu shagon aski sama da 1,000 an kunna su lokaci guda. Batirin lithiyam na yau, kilo guda yana riƙe kamar wat-awa 250 ne, fetur kilo guda kuwa ya haura 12,000. Ke nan da abin da muke da shi a yau, jarumarki za ta fita yaƙi da amalanke tana jan batir a baya.

A nan ne kike da izinin yin ƙarya, amma guda ɗaya tak. Ki ce a Zazzau ta wancan zamani an gano batir mai girman ƙwan zabo da ke riƙe wutar unguwa guda. Mai karatu zai yafe miki wannan, muddin sauran abubuwa suka bi hankali. Kuma kin san inda za ki sa batirin? A cikin ƙullutun ƙota, daidai inda gatari ke son nauyi. Jifa ɗaya, tsuntsu biyu. Sai dai duk abokin gabar da ya san sirrin, nan zai riƙa auna da mashinsa.

Abin da zai sa labarin ya yi daɗi kuwa shi ne aibin makamin, kuma wannan gatari aibinsa da yawa. Ina ɗan shekara 9 ko 10 na tsaya na ƙura wa wutar walda ido da rana tsaka, ina jin daɗin kallo. Cikin dare na farka ina ihu, kamar an zuba mini yashi a ido, sai da na kwana biyu a ɗaki mai duhu. Jarumarki tilas ta sa kwalkwali mai baƙin gilashi, kuma da zarar ta kashe wutar, na ɗan lokaci ba ta ganin komai ta cikinsa. Ga shi ba makamin sanɗa ba ne: in ta kunna shi a kan ganuwa da dare, wanda ke kan Dutsen Kufena zai hango ta, na kusa kuma zai ji ƙararsa kamar ana suya a mai. Da damina ruwa na iya karkatar da wutar ta bi ƙota zuwa hannunta, don haka ƙotar ta zama ta busasshen itace, marke ko ƙirya, a naɗe da fata. Da hunturu ƙura za ta riƙa sa zaren yana tartsatsi yana yankewa.

Aibin da na fi so shi ne wannan: wutar ta fi cin ƙarfe. Sulke, ƙofar ƙarfe, jikin mutum-mutumi mai inji, duk za ta ratsa su kamar wuƙa a man shanu. Amma laka? Da laka masu narkar da tama suke gina murhunsu, don tana jure zafi. Ke nan tsohuwar ganuwar Zazzau, wadda ake danganta irinta da Sarauniya Amina, za ta gagari makamin da ya fi kowane zamanci, sai dai a koma a sare ta da nauyin ƙarfe kamar kowane gatari. In ni ne ke, a kan wannan zan gina babi guda cur.

Ki ƙayyade kuma tsawon lokacin da yake ci. Ki ce numfashi 40, sannan sai ya huce. Da zarar kin faɗi adadi, mai karatu zai riƙa ƙirgawa tare da ita.

Launi ba shi da wuya. A iskar da muke shaƙa, fari ne mai shuɗi. In akwai tagulla a tsinin sai ya ja zuwa kore, gishiri kuma yana ba da ruwan ɗorawa. Kina iya raba masu tsaron ƙofofi da haka, na Ƙofar Gayan daban, na Ƙofar Kuyambana daban.

Batun suna, kada ki wahalar da kanki, Hausa ta riga ta ajiye miki. Manoma kan tono wasu duwatsu masu santsi, masu baki kamar na gatari, a ce gatarin aradu ne, wai tare da tsawa suke faɗowa. A gaskiya kayan aikin mutanen farko ne, tun kafin a san ƙira, kuma Turawa ma sun daɗe suna yi musu irin wannan fassara. Makami mai ɗauke da guntun walƙiya a baki, wane suna ya fi wannan dacewa da shi? In kuma kina son na barikin soja, su ce masa barandami, tsofaffi su ce gatarin aradu, yadda ake yi wa mutum suna da laƙabi.

Roƙona guda. Wasiƙarki ba ta faɗi wanda ya ƙera shi ba. Ki sa mini tsohon maƙeri a labarin, zaune gaban uwar maƙera da masaba da awartaki, gawayin ƙirya a gefe, yana mita cewa yaran zamani ba su iya kula da tsini ba. Jarumar ta tuɓe takalmi a bakin rumfarsa, ta durƙusa ta gaishe shi kafin ta miƙa gatarin. In kin rubuta wannan babin, turo mini ta hannun edita, kuma ki ba yayanki ya duba lissafin janaretan nan, don da fensir na yi shi a bayan ambulan.