Filin Tambaya da Amsa: Wai Pogacar ne ya kashe mana daɗin tseren keke?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ni dai na ɗan jima ina bin tseren keken Turai, amma wallahi kwanan nan abin ya fara gundurata. Kafin a tashi ma kowa ya san Tadej Pogacar, ɗan tseren nan na Sloveniya, ne zai ci, ka zauna da zumuɗinka saura kilomita tamanin ka ga yaron nan ya fice shi kaɗai, shikenan an gama, awa biyu kana kallon bayan mutum ɗaya. Abokina yana cewa wai tarihi muke gani da idonmu mu gode Allah, ni kuma nace tarihin da yake sa ni gyangyaɗi a kujera ban ga amfaninsa ba. Don Allah a raba mana gardama, idan mutum ɗaya ya yi zarra haka ba ya kashe wasan? Daga wani mai bibiyar filin nan.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, na gode da wannan tambaya, kuma ka kwantar da hankalinka ba kai kaɗai ke gyangyaɗin ba. Ni kaina ranar Strade Bianche ta 2024, tseren nan na Italiya da ake bi ta fararen hanyoyin tsakuwa a ƙare a garin Siena, da Pogacar ya taka feda saura kilomita 81, na ɗauka ganganci ne za a kamo shi. Minti goma ba a yi ba na gane babu mai kamowa, kamara ta koma baya ta nuna sauran, kowa ya yi buɗu-buɗu da ƙura yana waiwayen ɗan'uwansa, babu mai niyyar ja gaba. Ya shiga Siena da tazarar kusan minti uku. To ranar gaskiya ni ma tashi nayi na kama wata sabga ina leƙowa jefi-jefi.

Amma ni inda na saɓa da kai shine wajen ɗora laifin. Ka sake tuna hoton da na faɗa maka yanzu, mutum ɗaya a gaba, ayari guda a baya suna kallon juna. A tseren keke wanda ya laɓe a bayan wani iska ba ta dukansa sosai, yana rage wahala da kusan kashi ɗaya cikin uku, shi ya sa a ƙa'ida mutum goma masu karɓa-karɓa sun fi mutum ɗaya gudu komai ƙarfinsa, sarkin yawa ai ya fi sarkin ƙarfi. To me ya hana su? Kowa yana lissafin cewa idan na kashe kaina wajen ja, wannan da ke maƙale a bayana shi zai zo ya wuce ni a bakin layi. Ga kuma maganar maki, hukumar tseren keke ta duniya, UCI, tana raba maki har ga na biyu da na biyar da na goma, kuma da makin nan ake tantance ƙungiyoyin da za su zauna a babban rukuni duk bayan shekara uku, saboda haka manajan da ke cikin mota yana magana a rediyon kunne ya gwammace yaronsa ya zo na uku lafiya lau da ya bi Pogacar ya ƙone ya zo na talatin. Da zarar ya tashi sai kowa ya koma takarar na biyu. Wannan sallamawar tun kafin a kai ko'ina ita ce take sa ni hamma, ba ƙarfin yaron ba.

Dalilina kuwa shine na ga ranar da aka ƙi sallamawa. Tour de France ta 2022, babbar gasar nan ta Faransa da ake yi zango-zango, a zango na 11, wanda ya ƙare a saman dutsen Col du Granon. Pogacar na sanye da rigar ɗorawa, wadda mai jagorancin gasar ke sawa, ya ci 2020 ya ci 2021, kowa na cewa ta uku ma tasa ce. Sai ƙungiyar Jumbo-Visma ta sa shi a tsakiya tun daga wajen hawan Telegraphe zuwa na Galibier, ɗan ƙungiyar Primoz Roglic ya kai hari ya bi shi, yana kamo shi abokin ƙungiyarsa Jonas Vingegaard ya tashi ta ɗaya gefen ya sake bi, haka suka dinga yi masa kamar masu wasa da yaro, shi kuma da ƙuruciya da jin ƙarfi babu wanda ya ƙyale, har murmushi ya yi wa kamara a kwari kafin hawan ƙarshe. Saura kamar kilomita biyar a kai ƙololuwa Vingegaard ya taka, sai ga Pogacar ya kasa tashi daga kan sirdi, riga a zuge har ciki, kai yana lilo, mutanen da ya saba bari a baya suna wuce shi ɗaya bayan ɗaya. Kusan minti uku ya zubar a wannan hawan kaɗai, rigar ta tafi, kuma Vingegaard ya sake doke shi a 2023. Yanzu fisabilillahi da ba a san Pogacar a matsayin dodo ba, wa zai riƙe wannan ranar a ka? Daɗinta gaba ɗaya daga girman wanda aka kayar ya fito.

Kuma fa abin ba yau aka fara ba. Eddy Merckx ɗan Beljiyam, wanda saboda haɗamar cin tsere har laƙabin mai cin naman mutane aka sa masa, ya ci Tour biyar da Giro, babbar gasar Italiya, ita ma biyar, nasarorinsa gaba ɗaya 525. A Tour ɗinsa ta farko a 1969 kusan minti 18 ya ba na biyu, ya haɗa rigar ɗorawa da koriya ta wanda ya fi tara maki da kambun hawan dutse duk ya tafi da su gida. Mutanen Faransa sun gaji da shi har ta kai a 1975 wani ɗan kallo ya kai masa naushi a ciki yana tsakiyar hawan Puy de Dome, shekarar da Bernard Thevenet ya karɓe gasar. Yau kuma duk wanda ya buɗe baki zancen keke da sunan Merckx yake farawa, jikokin masu yi masa ihu su ne ke cewa ina ma sun ga zamaninsa. Ta nan abokinka yana da gaskiya.

Sai dai zarra ma iri-iri ce, kuma a nan ne nake ganin mutane suna saurin mantuwa. Miguel Indurain na Sifen ya ci Tour biyar a jere daga 1991 zuwa 1995, salonsa shine ya yi musu fintinkau a tseren agogo, wanda kowa ke tafiya shi kaɗai ana duba lokaci, sannan a kan duwatsu ya bi su a hankali ya tsare tazararsa, duk zangon da ya ci a shekarun nan biyar na agogo ne. Sannan aka zo zamanin ƙungiyar Sky ta Birtaniya, Wiggins a 2012, Froome sau huɗu, Thomas a 2018, su kuma jerin gwano suke yi a gaban ayari da baƙaƙen riguna, kowa idonsa na kan ɗan allon da ke nuna masa ƙarfin da yake takawa, su saita gudu ɗaya da babu mai iya kai hari, a tafi a haka har saura kilomita biyu ko uku. Ni a wajena wancan ne asalin maganin barci. Pogacar ko ba komai kasada yake yi, wanda ya tashi saura kilomita 100 a gasar duniya ta Zurich a 2024, abin da ko shi da bakinsa ya ce wauta ce, ba za ka haɗa shi da mai lissafi da kwamfuta ba. Zai iya ƙonewa a hanya, bai dai ƙone ba ne. A 2024 ɗin ya haɗa Giro da Tour da gasar duniya, abin da kafin shi a maza Merckx ne kawai ya yi a 1974 sai Stephen Roche a 1987.

Shawarar da zan ba ka, ka daina zuba ido kan rigar ɗorawa kaɗai. Tour zango 21 ce cikin sati uku, kuma tsere nawa ne a cikin tsere. A 2024 ɗin da Pogacar ya ci zango shida ya ba Vingegaard sama da minti shida, a cikinta ne Biniam Girmay ɗan Eritiriya ya ci zango uku ya tafi da koriyar riga, a cikinta ne Mark Cavendish ya ci zangonsa na 35 ya karya tarihin Merckx na 34 da ya shekara kusan hamsin a ajiye. Wanda ya kashe talabijin don ya san mai cin gasar duk bai ga wannan ba.

Sannan ka nemi tserukan da hanyar ba ta yi masa yadda yake so ba. Milan-San Remo ta 2025 ya kai hari tun daga hawan Cipressa, ya yi ya yi ya kasa yakice Mathieu van der Poel, aka zo layi su uku da Filippo Ganna ya ƙare na uku. Paris-Roubaix ta shekarar, karonsa na farko a kan duwatsun nan masu kakkarya ƙashi, ya shiga wata kwana da gudu fiye da kima ya faɗi, Van der Poel ya tafi abinsa. Sati ɗaya bayan nan a Amstel Gold aka kamo shi bayan ya fice shi kaɗai, Mattias Skjelmose ya doke shi da ɗan abin da bai kai faɗin taya ba. Gaba dai da gabanta. Ranar da hanya ta zama hawa zalla kuma ka ga ya tashi saura tamanin babu wanda ya motsa, to ka je ka yi uzurinka, ba ka yi laifi ba, ka dawo saura goma ka ga yadda za a raba na biyu.

Tambaya: Malam ni tawa gajeriya ce. Duk lokacin da na ga mutum ɗaya yana cin kowa haka sai gabana ya faɗi in tuna Armstrong. Anya kuwa? Daga wata mai karatu.

Amsa: Hajiya ba ki yi laifi ba da kika yi tunanin, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Lance Armstrong ya ci Tour bakwai daga 1999 zuwa 2005 yana rantsuwa yana ƙarawa, a 2012 aka ƙwace su duka, har yau gurbin shekarun nan babu sunan kowa a littafin gasar, daga baya kuma ya fito ya amsa da bakinsa. Tun daga nan duk wanda ya yi fice sai an kalle shi a karkace. Amma zato daban hujja daban, Pogacar ba a taɓa kama shi da komai ba, ga gwaji ana yi har da fasfo na jini da ake bin yadda jinin ɗan tsere yake canzawa tsawon shekaru, ga kuma samfurin da ake ajiyewa har shekara goma don a sake dubawa idan na'ura ta ci gaba. Kekunan ma sun fi na da sulɓi a iska, cin abinci a kan keke ya canza sosai, yanzu suna ɗura sukari a awa ɗaya ninkin abin da na da suke sha. Ni dai ina kallo ina tafi, amma ban ce zan dafa littafi a kan kowa ba.