Amsa: Gidan da ke Zelazowa Wola

Ɗan'uwa, ka tambaya ko gidan da ake ziyarta a ƙauyen Zelazowa Wola na ƙasar Poland shi ne gidan masu gandun. A'a. A da gandun na iyalin Skarbek ne, a bakin kogin Utrata, yamma da Warsaw, amma babban gidansu ya ƙone tuntuni. Abin da ya tsira shi ne ɗan sashen gefe, inda malamin 'ya'yansu, Bafaranshe, yake zaune da matarsa. A nan aka haifi ɗansu, makaɗin fiyano Chopin, a 1810. Bai cika shekara ba suka koma Warsaw.

Wallahi abin yana taɓa ni: farin gini ne ɗan ƙarami a tsakiyar lambu, kuma har yau da rani ana kaɗa fiyano a ciki, jama'a na saurare daga waje ta tagogi.