Malamin asibiti ma yana shan taba: shin da gaske tana da illa?

Tambaya: Assalamu alaikum, likita. Daga Maraɗi nake. Na kai mahaifinmu asibiti saboda tarin da ya ƙi ƙarewa, malamin asibitin ya ce lallai ya bar taba. Da muka fito sai ga malamin da kansa a gindin bedi yana zuƙar tasa. Tun daga ranar Baba ya ce in da tana kisa, da masu ilimin sun fara bari. Me zan ce masa?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƴar'uwa. Allah Ya ba Baba lafiya. Abin da kuka gani gaskiya ne, akwai ma'aikatan lafiya masu shan taba, kuma abin yana damuna ƙwarai. Sai dai hujjar da Baba ya riƙe, ita ce ta fi kayar da maganarsa.

A jikin likitoci aka tabbatar da illar taba. A 1951 wasu masana biyu a Ingila, Richard Doll da Austin Bradford Hill, suka tambayi dubban likitocin ƙasar ko suna sha, sannan aka yi ta bin rayuwarsu har shekara 50. Aka ga masu sha sun fi mutuwa da kansar huhu da ciwon zuciya, kuma wanda ya ci gaba da sha yana rasa kusan shekara 10 na rayuwarsa. Ga wurin da ya shafi Baba: wanda ya bari yana ɗan shekara 50 ya tsira da kusan shekara 6, mai shekara 60 ma ya samu kusan 3. Da likitocin suka ga sakamakon, da yawansu suka yar da ita.

To me ya hana namu bari? Ba rashin sani ba ne. Sinadarin nikotin da ke cikin taba yana isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙu kaɗan bayan zuƙa, in jiki ya saba sai ya riƙa nema kamar yunwa. Yawancinsu tun suna samari suka fara, a fadar shayi ko lokacin karatun jarrabawa, kafin su taɓa sanya farar riga. Ga kuma aikin dare: mutum ɗaya da ɗaki cike da yara masu zazzaɓin cizon sauro a tsakiyar damina, ba barci, sai ya fita ya kunna kara ɗaya yana ganin ita ce hutunsa. Sauƙin da yake ji kuwa ƙishin nikotin ne ya lafa, ba gajiyar ba ce ta tafi.

Ban ba su uzuri ba. Ma'aikacin da ke sha sau da yawa nauyin baki yake ji, ba ya tambayar mai tari ko mai hawan jini ko yana sha, alhali shawarar minti biyu daga bakin ma'aikacin lafiya tana ƙara yawan masu bari. Kuma Nijar ta yi dokar yaƙi da taba tun 2006, wadda ta hana sha a wuraren jama'a, har da asibitoci. Wanda ya gaya wa Baba gaskiya duk da yana fama da tasa jarabar, aƙalla bai ɓoye masa ba.

Yanzu ga abin yi. Tarin da ya wuce mako biyu yana buƙatar gwajin majina don a duba tarin fuka, domin taba tana ƙara haɗarin kamuwa da shi. In ba a yi ba, ku koma. Kada ki yi wa Baba faɗa ko gardama. Ki nemi wanda yake jin nauyinsa, yayansa ko limamin unguwa, su sa baki. A tsayar da ranar bari, a fitar da kwali da ashana daga ɗaki. Kwana uku na farko sun fi wuya: fushi, ciwon kai, rashin barci, amma cikin mako biyu zuwa huɗu abin yana sauka. Kada ya koma tabar gari da kanwa ko shisha da sunan sauƙi, duk nikotin ɗin ne, kuma ta baki tana jawo ciwon dasashi da kansar baki. In ya zame ya sha kara ɗaya, a sake sa wata rana, yawancin waɗanda suka bari sai da suka gwada fiye da sau ɗaya. Kafin nan, kada ya sha a ɗakin da jikoki ko mai juna biyu ke kwana.