Birtaniya ta rage hayaƙi, me ya sa na duniya yake ƙaruwa?

Tambaya: Na ji a rediyo cewa Birtaniya ta rage hayaƙin da ke ɗumama duniya da rabi, sai kuma ga shi ana cewa hayaƙin duniya ƙaruwa yake yi. Wanne ne gaskiya? Mu kuma ina muka tsaya? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Malam, duka biyun gaskiya ne. Daga 1990 zuwa yanzu Birtaniya ta rage nata da kusan rabi, galibi saboda ta rabu da kwal. A ƙarshen Satumban 2024 ta rufe tasharta ta ƙarshe mai ƙona kwal don samar da lantarki. Sai dai kasonta a duniya bai wuce kashi 1 cikin 100 ba. Ita ta rage zubawa da ludayi, wasu kuwa da bokiti suke ƙarawa a randa guda. Iskar kabon, wato babban ɓangaren wannan hayaƙi, da duniya ke fitarwa daga kwal da mai da gas ba ta kai tan biliyan 23 ba a 1990, amma a 2023 ta kai wajen biliyan 37. Ƙasar Sin, wadda ta sha gaban Amurka wajen 2006, ita kaɗai ke da kusan kashi ɗaya bisa uku.

Amma kada ka yi saurin ɗora wa Sin laifin duka. Juya wayar hannunka ka duba inda aka ƙera ta. Hayaƙin masana'antar da ta ƙera ta a lissafin Sin ake rubuta shi, ko da a Landan ko Kano za a sayar da ita. To ka ga wani ɓangare na raguwar da Turawa ke alfahari da ita ƙaura hayaƙin ya yi, bai ɓace ba. Ga shi kuma kabon yana ɗaruruwan shekaru a sama, kuma in aka tara na tarihi, babu wanda ya kai Amurka.

Mu kuwa, Afirka gaba ɗaya kusan kashi 4 cikin 100 na hayaƙin duniya take fitarwa. Ɗan Najeriya yana fitar da wajen rabin tan a shekara, Ba'amurke kuwa wajen tan 14. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne gas ɗin da ake ƙonawa a banza dare da rana a yankin Neja Dalta, alhali unguwanninmu sun cika da ƙugin janareta. Najeriya ta yi alkawari a taron sauyin yanayi na duniya da aka yi a Glasgow ta Birtaniya a 2021 cewa za ta daidaita hayaƙinta nan da 2060, wato abin da take fitarwa ba zai wuce abin da ake janyewa daga sama ba, kuma daga kashe wannan wutar ya kamata a fara.