Amsa ga mai neman wurin tattaki da iyali a Kano

Wa'alaikumus salam Malam. Ka ce ka ga hotunan Turawa suna tattaki da 'ya'yansu a gaɓar teku, kana tambaya ko akwai inda za ka kai naka iyalin su miƙe ƙafa ba tare da kun yi nisa da Kano ba. Akwai, amma ka cire teku daga lissafi, don sai ka dangana da Legas, tafiyar kusan kilomita 1,000. Su can a Ingila akwai hanyar ƙafa ɗaya mai tsawon mil 630, daga Minehead zuwa Poole, duk an kakkafa mata alamomi. Mu nan ba wanda ya shata mana, kai za ka zaɓi hanyarka da lokacinka, kuma a ganina lokacin ya fi wurin muhimmanci.

Ka fara da Dala. Ku fita bayan sallar asuba, ku hau matakalar kafin rana ta buɗe. Daga sama za ka nuna wa yara Goron Dutse da hasumiyoyin babban masallacin birni, ka ba su labarin Barbushe da Tsumburbura a inda abin ya faru. Ka riƙe hannun ƙaramin da kyau idan kun kai sama. Yaran unguwa za su biyo ku, kowa na son ya ba da tarihi, sai ka tanadi 'yan canji. Badala kuwa, wato ganuwar birni, wadda aka fara ginawa zamanin Sarki Gijimasu (1095 zuwa 1134), abin da ya rage tsakanin Ƙofar Na'isa da Ƙofar Ɗan'agundi ya cancanci a gani, sai dai motoci sun yi yawa a titin. Ba na kai ƙananan yara can da ƙafa.

Inda na fi so shi ne yankin noman rani na Kura da Kadawa, a kan hanyar Zariya. Ruwan daga madatsar Tiga yake zuwa, wadda aka gina zamanin Gwamna Audu Baƙo aka kammala a 1974. Daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da ko'ina ya bushe ƙamas, can za ka tarar da alkama kore shar, ga tumatir da albasa iya ganinka. Ku ajiye mota a gari, ku bi hanyar da ke gefen magudanar ruwa. Shimfiɗaɗɗiya ce, ba hawa ba gangara, ko uwargida mai goyo za ta iya. Za ku ga balbela na bin bayan mai huɗa, ga masu jera kwandunan tumatir suna jiran motar kasuwar Kwanar Gafan. Ɗana na tsakiya a nan ya fara sanin cewa albasa a cikin ƙasa take girma, ya tsuguna ya daɗe yana leƙen gindinta. Ku riƙa yi wa manoma sannu da aiki, kada yara su taka kunya ko su tsinki abin mutane. Idan ka yi gaisuwa da kyau, sau da yawa mai gonar da kansa zai cika musu hannu.

Abu ɗaya da ba na sassautawa a kai: ba mai shiga ruwa. Gefen magudanar siminti ne mai gansakuka, yana da santsi kamar an shafa masa karkashi, ruwan kuma yana da ƙarfi fiye da yadda ido ke gani. Ga tsargiya, wadda ake ɗauka daga ruwan da ƙananan dodon-koɗi ke zaune a ciki, sai bayan makonni ka ga yaro na fitsarin jini. Haka a bakin Tiga ɗin kanta, ko madatsar Challawa ta Ƙaraye: a zauna a gaɓa a sha iska, amma kwalekwalen da ba rigar ruwa kada ka saka iyalinka, ko da mai tuƙin ya rantse maka.

Idan yaran sun tasa, duwatsun Rurum a ƙasar Rano suna da daɗin hawa. Dajin Falgore kuma ba wurin zuwa da mata da yara ba ne haka kawai, sai da ɗan jagora da cikakken bayanin tsaro.

Maris zuwa Mayu ku haƙura, zafi na haura digiri 40. Ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba ya fi daɗi, ruwa ya ɗauke amma ciyawa ba ta bushe ba. In akwai mai asma a gidan, ku guji ranar da hazo ya sauka. Ku ɗauki ruwan sha fiye da yadda kuke zato, da takalmi sau-ciki, da tabarma da buta. Maganar banɗaki ita ce ke wahalar da mata a irin wannan fita, don haka ku tsaya a gidan mai ko masallaci kafin ku shiga gonaki. Ku kamo hanyar gida da la'asar sakaliya, kada magariba ta same ku a titin Zariya cikin manyan motoci.