Kayan katako na Gurage: yaya ake gane tsoho?

Malam, ka tambayi yadda za ka bambance tsohon kayan katako na mutanen Gurage da sabon sassaƙa in ka je Habasha.

Fara da juya abin ka dubi gindinsa. Kujera 'yar tsugunno ko akushin da ya shekara a daɓen ƙasa, gindinsa yakan cinye, kuma ba daidai-wa-daida ba. Sawun gizago ma yana nan. Matashin kai na katako kuwa, wanda ni na fi ƙauna, baƙinsa daga man shanun da ake shafawa a gashi yake zuwa, da hayaƙin ɗaki, don a tsakiyar ɗakinsu na ciyawa ake hura wuta. Shi ya sa sheƙin yake taruwa inda wuya da hannu suke taɓawa. In ka ga baƙi ya rufe ko'ina bai ɗaya, shinshina, sau da yawa man takalmi ne.

Gurage manoman enset ne, wata shuka mai kama da ayaba, a yankin Walkite da Butajira, kudu da Addis Ababa. 'Yan kasuwarsu sun cika Markato, babbar kasuwar Addis Ababa, can za ka ga kayan.

Amma ka kula, dokar Habasha mai lamba 209 ta shekarar 2000 ta hana fitar da kayan tarihi ba tare da izini ba. Karɓi rasit, ka kai abin hukumar kayan tarihi a duba kafin ka nufi filin jirgi. Kuma don Allah ka tambayi daga wane ƙauye ya fito, ka rubuta ka ajiye.